Ra'ayinmu: Mai Duba Makarantu da Malamin Ƙauye

Duk wanda ya yi furamare a ƙasar nan ya san ranar zuwan mai duba. Tun asuba a share fili, a kakkaɓe rajista, a ƙulle yara da amsoshin da za su bayar. Hedimasta ya tari baƙo da rawar jiki, baƙo ya juya takardu, ya sa hannu a littafin baƙi, kafin azahar ya kama hanya. Kashegari kowa ya koma gidan jiya. Tambayar da muke so mu yi wa juna ita ce: bayan duk gyare-gyaren da aka yi wa aikin duba makarantu, me ya sake ga malamin da ke tsaye gaban allo a Sara ta ƙasar Gwaram, ko a ƙauyukan Birnin Kudu?

Gyara kam an sha yi. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa sashenta na masu duba makarantu. A watan Satumba na 1976 aka soma shirin ba da ilmin furamare kyauta ga kowa, yara suka yi ta tuɗaɗowa, aka ɗebo malamai cikin gaggawa, da yawansu ba su gama samun horo ba, aikin ya fi ƙarfin masu duba. A 1991 aka yanki Jihar Jigawa daga Kano, hedikwata ta matso Dutse. A 2004 aka yi dokar ilmi bai-ɗaya, wadda ta ɗora makarantun furamare a wuyan hukumar ilmin bai-ɗaya ta kowace jiha da ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi. Daga 2008 zuwa 2017 kuma shirin ESSPIN, wanda Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki a jihohi shida, har da Jigawa da Kano da Kaduna.

A wannan zamani na baya ne aka zo da sabuwar magana, wai a bar farautar laifi, a koma tabbatar da inganci. Makaranta ta fara auna kanta da kanta, sa'an nan baƙi su zo su gwada abin da ta faɗa da abin da suka gani. Jami'in ƙaramar hukuma ya zauna a aji, ya kalli darasi daga farko har ƙarshe, ya keɓe da malami ya ba shi shawara. Aka kuma kafa wa makarantu kwamitocin iyaye da mutanen gari. Mu dai ba mu da ja a kan wannan manufa, ta yi kyau ƙwarai.

Amma fa sauya suna ba shi ne sauya hali ba. Muddin abin da jami'i zai fara tambaya shi ne littafin shirin darasi, to malami zai kwana yana cika littafi, ba yana tunanin yadda yaro zai gane baƙi da wasali ba. Muddin kuwa jami'i ba shi da kuɗin man babur, makarantun bakin titi za su gaji da ganinsa, na cikin lungu kuwa sai damina ta wuce ba su sa shi a ido ba. Abin da ya fi damunmu shi ne, dubawar tana gangarowa ƙasa ne kawai. Idan malami ya makara, takardar tuhuma ba ta daɗewa. Idan kuwa rahoto ya ce rufin aji ya yaye, ko malami ɗaya ke riƙe da aji biyu, wa ake tuhuma? In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Mun ga inda tsanani yake kaiwa. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman furamare jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta sallami fiye da dubu ashirin da ɗaya. Ba mu ce a bar jahili ya koyar da 'ya'yan talakawa ba, amma wane ne ya ɗauki waɗannan mutane aiki, kuma ina masu duba suke duk shekarun da suka yi a aji? A Ingila, inda muka aro wannan tsari, wata shugabar makarantar furamare ta kashe kanta a 2023 bayan hukumar Ofsted ta yanke wa makarantarta hukunci da kalma ɗaya tak. A 2024 gwamnatinsu ta soke irin wannan hukunci. Tsoro yana sa a ɓoye ɓaraka, ba ya ɗinke ta.

Saboda haka muna kira da a yi abu huɗu. Na ɗaya, kada a naɗa mai duba sai wanda ya daɗe da alli a hannu, kuma abokan aikinsa suka shaide shi. Na biyu, a ware kuɗin zagaye a kasafi, a sake shi a kan kari, domin kada baƙo ya dogara da goron hedimasta. Na uku, ma'aunin farko ya zama yaro: a ɗauki ɗan aji uku ba tare da shiri ba, a miƙa masa littafin Hausa, a ji ko zai karanta. Na huɗu, a karanta rahoto a gaban malamai da kwamitin iyaye, a rubuta abin da ke kan malami da abin da ke kan hukuma, kowanne da wa'adinsa, in an dawo a tambayi kowa nasa.

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, wannan magana tamu ce. Gobe wasunmu ne za su riƙe takardun duba a Dutse da Gwaram. Ranar da kuka shiga aji a Sara, ku yi sallama, ku nemi benci a baya, ku saurari darasi har ƙarshe kafin ku zaro alƙalami. Abin da kuka ga ya rage a wuyan ofishinku kuma, ku rubuta shi da irin tawadar da kuka rubuta laifin malami.