Zoben Adiko: Kowa Ya San Nasa

 A wannan wata za mu duba wani ɗan ƙaramin abu da wasunmu suka sha gani a teburin otal ko wurin liyafar biki, wato zoben da ake zura adikon goge hannu a cikinsa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ƙyale-ƙyalen Turawa ne kawai, alhali kuwa bukata ce ta haife shi.

A ƙasar Faransa aka fara amfani da shi wajen shekarar 1800, daga nan ya bazu cikin Turai. A zamanin, sau ɗaya a mako ake babban wanki a gida, saboda haka mutum zai yi kwanaki da adiko guda. Don kada na wani ya shiga hannun wani, sai kowa ya sami zobensa mai ɗauke da sunansa ko lamba. Masu hali suka yi na azurfa, masu ƙaramin ƙarfi suka yi na katako ko ƙashi.

To, ina ruwanmu, mu da muke ci da hannu a kwano ɗaya? Ruwanmu kuwa babba ne. A gidajenmu na zango, ko a Nima ko a Kumasi, sau da yawa tawul ɗaya ke rataye, mutum goma su goge hannu da baki da shi, yara kuma har da fuska da ido. Ciwon idon nan da muke kira afolo a nan Ghana ya fara ɓulla a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, kuma daga nan ya samo sunansa. Yin tarayya a tawul yana cikin hanyoyin da yake yaɗuwa. Mu malaman makaranta mun san yadda yaro ɗaya mai jan ido yake jawo a rasa ɗalibai da dama a aji cikin 'yan kwanaki. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Ga yadda za a yi, kuma ba sai an kashe kuɗi ba. Da farko a nemi adikon kansa: ƙyallen auduga mai tsawon santimita 40 da faɗin santimita 40, a ba tela ya kalmashe bakinsa. Shi kuwa zoben, faɗin raminsa ya zama kamar santimita 4.

Hanya ta farko ita ce ta kwali, wadda yara za su iya da kansu. A sami kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida, a yanka shi gida 3 da almakashi. A shafa gam, a naɗe shi da siririn ƙyallen atamfa ko zaren saƙa har kwalin ya ɓuya ciki da waje. Aibinsa ɗaya, ba ya shiri da ruwa.

Ta biyu ita ce ta gora. A zaɓi busasshiya, babba ya yanka ta da zarto guntu-guntu, kowane santimita 3, a kankare bakin sosai don kada ya soki yatsa ko ya ja zaren adiko. Sai a rubuta suna da bakin ƙusa mai zafi. Wannan yakan yi shekaru.

Ta uku ta fata ce. A roƙi baduku ragowar fata, a yanka mai tsawon santimita 15 da faɗin santimita 3, a ɗora baki kan baki, a huda da basilla a ɗinke. Mai son ado yana iya ɗaura masa dutsen Krobo guda, irin wanda ake yi da garin kwalba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada zobe biyu su yi kama. Yaron da bai iya karatu ba ya san launi: ja na Yaya, kore na Auta, na fata kuma na Maigida. Baƙo a ba shi sabon adiko wankakke.

Sai gargaɗi biyu. Kada a cusa adiko cikin zobe da danshi, a shanya shi tukuna, in ba haka ba zai yi wari da fumfuna. Kuma kada mu kwaikwayi wankin mako-mako na Turawan da. Ƙasarmu da zafi, ga miyar manja, don haka a wanke shi da sabulu duk bayan kwana ɗaya ko biyu. Adiko kuma na tsane hannu ne bayan an wanke shi da sabulu.

Muna kira ga iyaye mata da 'yan'uwanmu malamai su zaunar da yara ranar Asabar su gwada. Yaron da ya yi zobensa da hannunsa ba zai yarda wani ya taɓa masa adiko ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.