Kada Laburaren Manhaja Ya Ɗora Wa Kowa Magatakardansa

Duk ɗalibin ilimin halittu ya san yisti, ƙwayar nan mai kumbura burodi. In ta sami iskar oksijin ta yi amfani da ita, in babu ta koma ga tsima sukari, rayuwa ta ci gaba. Wannan hali ne ya kamata masu rubuta manhajar kwamfuta su ara.

Ba kasafai ake gina manhaja daga tushe ba. Harhaɗa ta ake yi da guntayen da wasu suka rigaya suka rubuta, waɗanda ake kira laburare. Galibinsu kan so a rubuta musu abin da ya gudana yayin aiki, domin a gane inda aka yi tuntuɓe. Wannan aikin magatakarda ne, kuma yana da amfani. Inda gizo ke saƙar shi ne laburare ya kafe cewa ba zai motsa ba sai da magatakardan da shi ya zaɓa, ya shigo da shi gidan mutum ba sallama.

An ga illar haka a watan Disamba na 2021, lokacin da aka bankaɗo ɓaraka a Log4j, magatakardan da ya shahara a harshen Java. Ɗan gajeren saƙo kawai maɓarnaci zai aiko. Da zarar an rubuta shi a kundi, sai na'ura ta ɗauko umarni daga waje ta zartar. Kamfanoni da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba, don wani laburare ne ya goyo shi a bayan wani.

Alhali kuwa akwai mafita tuntuni. SLF4J ƙofa ce kurum: laburare ya miƙa saƙonsa, mai manhaja ya zaɓi wanda zai rubuta. In bai zaɓi kowa ba, tun daga fitowa ta 1.6 sai a yi masa gargaɗi, aiki ya ci gaba. Python ma ta tanadi NullHandler a fitowarta ta 3.1 a 2009, wanda ke karɓar saƙo ya yi shiru.

Wasu za su ce shirun nan na iya binne kuskure. Gaskiya ne, musamman ga mai binciken da ke tantance jerin ƙwayoyin gado, wanda sakamako gurɓatacce zai iya kai shi ga wallafa ƙarya. Amma kuskuren da ya kai haka ba na kundi ba ne tun farko. Kamata ya yi laburare ya tsai da aikin nan take, ya faɗa wa mai shi dalili, ko da magatakarda ko babu.