Niyyarka Tana Cikinka, Maganarka Tana Kunnena

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro tun lokacin da muke shirin Makon Hausa, don na ga alamar in ban faɗa ba, ba mai faɗa.

Waɗanda suka halarci gwajin wasan kwaikwayonmu na farko sun san abin da ya faru. Waɗanda ba su zo ba kuwa, ga shi a taƙaice. An rarraba mana takardun wasa. A shafin farko, inda ake jera 'yan wasa, kowa da sunansa: ga Alhaji Tanko, ga matarsa Delu, ga Malam Buba, har yaron gida sai da aka raɗa masa suna. Sai can ƙasa aka rubuta "Nyamiri mai kanti". Iyakar sunansa ke nan. Wanda aka miƙa wa wannan matsayi kuwa ɗan ƙungiyarmu ne, Igbo ne haifaffen Sabon Garin Kano, wanda in ana jarrabawar nahawu da yawanmu kusa da shi muke neman zama. Ya karanta, ya yi dariya, ya ce yana da lacca da ƙarfe huɗu. Ranar Lahadi ce. Har yau bai sake tako ƙafarsa taronmu ba.

Da na ta da maganar a kwamiti, sai aka yi mini caa. Marubucin wasan, wanda abokina ne kuma har gobe abokina ne, ya rantse ya maya bai yi nufin cin zarafin kowa ba. Wani ya ce ai haka kowa ke faɗa a kasuwa. Wani kuma, daga cikin masu karatun kimiyyar harshe, ya gyara zama ya karanta mana cewa kalma ba ta da laifi a kan kanta, sai an dubi muhallin da aka faɗe ta da niyyar mai faɗa. Aka tafa masa. Na ƙarshe ya rufe da cewa ai ko shi mutumin bai ji haushi ba, dariya ma ya yi.

To, bari in fara da niyya, tun da ita ce garkuwar da kowa ke ɗagawa. Na yarda abokina bai yi mugun nufi ba. Amma niyya a ciki take, ba mai ganinta sai Allah, maganar kuwa a fili ta fito, a kunnen mutum ta sauka. Masu jawo mana hadisin niyya, wanda duk muka haddace a farkon Arba'una, su tuna cewa ba wani malami da ya taɓa karantar da cewa kyakkyawar niyya tana ɗauke haƙƙin wanda aka cuta. Ko kisan kuskure ai da diyya. Direban da ya take akuyar mutane bai fito gida da niyyar take ta ba, amma ba zai leƙo ta taga ya ce "ban yi nufi ba" ya ƙara wuta ba. Sai ya tsaya, ya ba da haƙuri, ya biya. Abin da niyya ke yi shi ne ta rage nauyin laifi, ta sa a yafe maka da wuri. Ba ta zama lasin da za ka riƙe ka sake take wata akuyar gobe ba.

Kuma wanzami ba ya son jarfa. Akwai kalmar da ta kai "aboki" daɗi a harshenmu? Amma duk wanda ya taɓa zuwa Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san yadda take fita daga bakin mutanen can. Wani hutu na bi kawuna Ikko, wata ma'aikaciya mai fara'a, ba tare da ta ɗaga kai ta dubi takardata ba, ta ce da wanda ke kusa da ita ya sallami "abokin nan". Ban ga alamar tana da mugun nufi ba. Amma na ji abin har ƙashina, domin na san abin da kalmar ta ɗauko a can: maigadi, mai wankin takalmi, jahili, wanda ba ya bukatar suna. Da na dawo na ba da labari a ɗakin kwana, duk waɗannan da suka tafa wa masanin muhalli su ne suka fi kowa kumfar baki. Ba wanda ya ce a tsaya a binciki niyyar matar. Ashe mun san dokar sarai, sai in ta biyo ta kanmu ne muke mantawa.

Hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini ita ce ta wasannin barkwanci, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Aka ce, yaya za ka hana mu abin da muka gada? Bafillace yana kiran Babarbare bawansa, Babarbare ya ce shi ne ubangidan. Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, kaka da jika, taubashi da taubashiya, kullum cikin jifan juna suke da maganganun da in baƙo ya ji sai ya ce yanzu za a zare wuƙa. Haka ne. Abin alfahari ne ma, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a shekarar 2014. Ni kaina ba na wuce taubashina ban taɓa shi ba.

Amma jama'a, ku dubi yadda aka gina wasan nan. Ba ni na zaɓi taubashina ba, kuma ba ranar da na ga dama na naɗa shi ba. Dangantaka ce da aka haife mu muka tarar, kowa a gari ya san da ita. Duk abin da na jefa masa yana da ikon ya rama da wanda ya fi shi, a gaban kowa, ba mai cewa ya yi rashin kunya. In watan cika-ciki ya kama akwai kuɗin shara a tsakaninmu. In rashi ya same shi ni ne a gaba wajen zaman makoki, in rigima ta taso tsakaninsa da wani ni ne mai shiga tsakani. Watau zagin nan riga ce aka sa wa zumunci. Su kakanninmu ba su ce kowa ya yi wasa da kowa ba, sai da suka ƙayyade wa zai yi da wa, saboda sun san abin yana da kaifi. Kai da kanka, je ka gwada yi wa surukinka wasan da kake yi wa kakarka, sa'an nan ka gaya masa niyyarka mai kyau ce.

Yanzu sai in yi tambaya: yaushe aka ƙulla wasa tsakaninmu da Igbo? Wa ya ƙulla? Mene ne kuɗin shararsa? In da ɗan'uwan nan namu ya miƙe a ɗakin gwaji, shi kaɗai cikin mutum kusan 30, ya rama da irin sunayen da ake kiranmu da su a Anaca, da dariya za mu yi? Mun san amsa. Wasan da mutum ɗaya ne kawai ke da ikon jifa, ɗayan kuwa sai dai ya yi yaƙe, ba wasa ba ne. Dariyar da ya yi kuwa, wadda aka kafa mini hujja da ita, ita ce irin wadda na yi wa matar nan a Ikko.

Dangane da muhalli kuma, ni ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne mai magana ya zama shi ne alƙalin muhallin, ya yanko daidai inda ya yi masa daɗi, ya ce nan ne iyakarsa. Muhallin kalma ya haɗa da duk inda ta taɓa shiga kafin ta iso bakinka. Ana danganta asalin "nyamiri" da maganar Igbo mai nufin "ba ni ruwa". Ko a nan ma, kwaikwayon bakin mutum ne aka mayar masa suna. Sa'an nan kalmar ta ratsa ta shekarar 1966. Na san abin da ya faru ranar 15 ga Janairu, na san an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ba sai an tuna mini ba. Amma a watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na wannan shekara, an kashe dubban Igbo a garuruwan Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Masu farautarsu da wane suna suke nemansu? Kada a ce tsohon zance ne. A watan Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Igbo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa. An janye wa'adin a watan Agusta, amma kafin nan wata waƙar Hausa ta ƙiyayya ta zaga wayoyin mutane, har sai da masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi tir da ita. Wanda ya tashi a Sabon Gari, iyayensa sun ba shi labarin na farko, na biyu kuwa da idonsa ya gani. Wannan duka yana cikin muhallin da ya karanta shafin nan namu, ko marubucin ya sani ko bai sani ba.

Kada wani ya ce ina so a goge kalmomi daga harshe. Ga shi ni ma na rubuta kalmar a nan, don ba yadda za a yi a tattauna cuta ba a ambaci sunanta ba. Aikin mai ƙamus, tun daga Bargery a 1934 har zuwa na Jami'ar Bayero a 2006, shi ne ya tattara abin da mutane ke faɗa, mai daɗi da marar daɗi. Malaman hadisi sun ambaci A'amash da A'araj da laƙabin lalurarsu, don da shi aka san su, ba don tozartawa ba. A Nijar akwai Azna, mutanen Sarauniya Mangu da ta tari sojan Faransa a Lugu a 1899, kuma a can sunan jama'a ne. Amma wanda ya ɗauki "arne" ya jefi ɗan ajinmu Kirista daga Kafancan ko Zuru da shi, ya san ba tarihin Lugu yake karantarwa ba. Haka a wasan kwaikwayo: in da a bakin Alhaji Tanko aka sa kalmar, don a nuna irin halinsa, har mai kanti ya sami bakin mayar masa, da ni ne mai fara tafi. Amma a jerin 'yan wasa aka sa ta, inda ba kowa ke magana ba sai marubuci da ƙungiyar da ta buga hatiminta a kai. Mu ne muka kira shi haka.

'Yan ƙwallon cikinmu za su tuna wannan gardama ta taɓa kaiwa gaban hukuma a Ingila. A watan Oktoba na 2011 Luis Suarez na Liverpool ya kira Patrice Evra da kalmar Sifaniyanci mai nufin baƙar fata, suna tsakiyar cacar baki. Ya kare kansa da cewa a ƙasarsu Yurugwai kalmar ba zagi ba ce. Aka dakatar da shi wasa 8, da tarar fam 40,000. Daidai ne, don ba a kiran abokin faɗa da sunan wasa. A ƙarshen 2020 kuma Edinson Cavani, shi ma ɗan Yurugwai, ya gode wa wani amininsa a Instagram da irin wannan kalma. Hukumar ta yarda ba shi da mugun nufi, duk da haka ta dakatar da shi wasa 3, da tarar fam 100,000. Shi kam na tausaya masa, ina ganin an tsananta, domin tsakaninsa da amininsa akwai wasa na gaskiya. Kuskurensa shi ne ya ɗauko wasan tsakar gida ya kai shi kasuwa, inda miliyoyin mutane ke ji, kowa da tabon da kalmar ta bar masa. Mu ma dandamalin Makon Hausa kasuwa ne. Muna gayyatar jami'a duka, har da shugabanninta, har da 'yan jarida.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ne ɗaliban harshe. Mu ne ke bugun ƙirji cewa Hausa ta zama harshen kowa, ana jin ta daga Agadas har Kumasi, ana watsa shiri da ita daga London da Bon da Bejin. To, wa ya kai ta wannan matsayi in ba waɗanda suka koye ta a kan nasu harshen ba? Sa'an nan in ɗayansu ya yi tuntuɓen harshe mu ce yana gwaranci, watau mun mayar da sunan al'umma guda ma'anar rashin iya magana. Su kuwa sun ce sunansu Gbagyi. A ƙasarsu aka gina Abuja, kuma 'yarsu Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, ita ce a bayan takardar Naira 20. Tibi ma sun daɗe da cewa ba sa son "Munci". Mutum ya gaya maka sunansa, kai ka ce a'a, wanda kakanka ya laƙaba masa ya fi maka sauƙi a baki. Wannan ba kishin harshe ba ne, lalaci ne da girman kai.

Saboda haka ga abin da zan gabatar a taronmu mai zuwa, ina kuma sanarwa tun yanzu don kada a ce na yi wa kowa kwanton ɓauna. A raɗa wa mai kantin nan suna, kamar yadda aka raɗa wa yaron gida. Sa'an nan shugaban ƙungiya da marubucin wasan su taka da ƙafarsu zuwa ɗakin ɗan'uwan nan namu, kuma don Allah kada su fara da bayanin niyyarsu. In kwamiti ya ƙi, to a nemi wani ya fito a Malam Buba, ga takardata nan zan mayar wa Sakatare.