Bayan fagen da kamfani ya nuna maka, shi ma fage ne

Wata Asabar na tarar da ɗana na biyu, ɗan shekara tara, a kan katangar gidanmu, ya ɗaura ɗankwalin mahaifiyarsa a wuya yana shirin dirowa kamar Superman. Na sauko da shi gabana yana faɗuwa. Da daddare, maimakon bulala, sai na zaunar da shi na buɗe masa wayata, muka kalli yadda aka ɗauki fim ɗin Avengers: Endgame na 2019. Ya ga Thanos, ƙaton dodon nan da yake tsoro, ashe wani bawan Allah ne mai suna Josh Brolin, sanye da matsattsun kaya, an yi masa ɗige-ɗige a fuska, an ɗaura masa ƙaramar kyamara a gaban hanci. Ya ga igiyoyin da ake rataye 'yan wasa da su, da katifun da ake shimfiɗa musu, da koren labulen da daga baya kwamfuta ke mayar da shi sararin sama. Tun daga ranar bai sake hawa katanga ba.

Saboda haka ina da dalilin girmama waɗannan shirye-shirye na bayan fage, kuma ba wannan kaɗai ba ne. Wanda ya kalli yadda aka haɗa Black Panther na 2018 zai san cewa sana'a ake yi ta gaske. Ruth Carter, matar da ta tsara tufafin fim ɗin, sai da ta bi al'adun Afirka ɗaya bayan ɗaya: bargon mutanen Lesotho ta ba masu tsaron iyaka, hular matan Zulu ta ɗora wa uwar sarki, su kuwa ƙabilar fatake ta ɗauko musu shiga daga Abzinawa, irin wadda duk wanda ya taɓa zuwa Agadas zai gane da kallo ɗaya. Da wannan aiki ta ci kyautar Oscar a 2019, baƙar fata ta farko da ta samu a fannin tufafi. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ɗan ƙasar Sweden ne, amma ya tashi takanas ya tafi Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal, kuma gangar tama da ake ji duk lokacin da sarki T'Challa ya bayyana 'yar'uwar kalangunmu ce, ita ma a hammata ake matse ta ta yi magana. Da fim ɗin kawai na kalla, da ban san wannan ba.

Amma akwai tambayar da yaron ya yi mini a wannan dare, wadda har yau take damuna. Ya ce, "Baba, to wa ya zana wa Thanos fuskar?" Na duba, na sake dubawa. Na ga darakta, na ga taurari suna dariya, na ga shugabannin sashe a kan kujeru masu kyau suna bayani. Ɗaruruwan mutanen da suka duƙufa a gaban kwamfuta watanni suna gyara kowace gaɓa da kowane ƙiftawar ido na wannan dodo, su ba a ji ta bakinsu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jerin shirye-shiryen da ake kira Assembled, wanda aka fara a 2021 da bayan fagen WandaVision, kamfanin Marvel ne ke yin sa, a dandalin Disney+ ake nuna shi, Disney kuwa ita ta sayi Marvel tun 2009. Mai fim shi ne mai kyamarar da ke ɗaukar yadda aka yi fim ɗin, shi ne kuma mai almakashin da ke yanke abin da bai so. Wanda ke hira a gaban wannan kyamara ya san wa ke biyansa albashi, ya kuma san yana son a sake kiransa aiki. Shi ya sa za ka kalli awa guda ba ka ji wanda ya ce an matsa masa ba. Kowa cewa yake sun zama dangi.

A daidai lokacin da ake fitar da waɗannan shirye-shirye, a 2022, masu aikin haɗa hoto da kwamfuta suka fara fitowa a jaridun Amurka, da yawansu ba tare da bayyana suna ba, suna koke kan aikin dare da rana, da canza shawara ana dab da fitar da fim, da ƙarancin ma'aikata. A watan Satumban 2023 ma'aikatan wannan sashe da ke ƙarƙashin Marvel kai tsaye suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE, ba a samu ƙuri'a ɗaya da ta ƙi ba. Mutanen da suka zama dangi ba sa haɗuwa baki ɗaya su nemi ƙungiyar da za ta tsaya musu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na masu tsayawa a madadin taurari a wuraren hatsari. A ranar 14 ga Agusta, 2017, a birnin Vancouver na Kanada, wata mai tseren babur daga New York mai suna Joi Harris tana tuƙi a madadin 'yar wasa Zazie Beetz a fim ɗin Deadpool 2. Karo na farko ke nan da ta yi wannan aiki a fim. Babur ya ƙwace mata, ta afka cikin gilashin wani bene, ta rasu nan take. Ba ta da hular kwano a kanta, saboda wadda take kwaikwaya ba ta sa hula a labarin. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta lardin ta yi bincike, ta gano sakaci wajen kiyaye hatsari, ta ci tarar kamfanin da ya shirya ɗaukar kusan dalar Kanada dubu 290. Shekara goma kafin nan, a 2007, wani ma'aikaci mai suna Conway Wickliffe ya rasa ransa a Ingila lokacin gwajin ɗaukar mota na fim ɗin The Dark Knight. Waɗannan labarai a shafin jarida da rahoton hukuma na same su. Su kuwa masu ba da Oscar, sai a 2025 suka amince za a ware wa wannan sana'a kyauta tata, wadda za a fara bayarwa a 2028, a biki na ɗari.

Na san za a ce ba kowane abu ake tonawa ba, kuma na yarda. Chadwick Boseman ya yi Black Panther yana fama da kansar hanji, bai gaya wa duniya ba har ya rasu a Agustan 2020 yana ɗan shekara 43. Wannan sirrinsa ne, kuma ya yi daidai da babu kyamarar da ta leƙa. Sai dai sirrin mara lafiya daban, sirrin kamfanin da ke ɓoye gumin ma'aikaci daban. Na biyun ne nake ƙorafi a kai, kuma har gida ya shafa, domin gajerun bidiyon bayan fage da masu finafinanmu na Hausa ke sakawa a Instagram ma taurari ne ke cika su, mai haske da mai riƙe sandar sauti sai dai a hango ƙeyarsu.

Shirin da ya fi gamsar da ni a wannan fanni ba kamfanin da ke da sadaukin ne ya yi shi ba. Sunansa Batman & Bill, ya fito a 2017. Labarin Bill Finger ne, marubucin da ya ba Batman yawancin abin da aka san shi da shi, kama daga kamannin shigarsa zuwa sunan Bruce Wayne, amma shekara saba'in da 'yan kai sunan Bob Kane kaɗai ake rubutawa a matsayin wanda ya ƙirƙiro shi. Finger ya mutu a 1974 cikin talauci. Wani marubuci mai suna Marc Tyler Nobleman ya yi shekaru yana bin diddigi har ya gano jikanyarsa, da ita aka matsa wa kamfanin DC mai Batman, sai a 2015 aka amince a riƙa sa sunansa.

Na ba ɗana wannan labari ranar da muka gama kallon wani fim ɗin Batman. Ya karɓi wayar daga hannuna ya mayar da rubutun ƙarshe baya, yana bin sunayen da yatsa sannu a hankali, har ya tsaya a kan na Bill Finger ya nuna mini. Sannan ya ci gaba da bin sauran zuwa ƙasa, yana tambayata aikin kowanne.