A Gaishe Ku, Masu Juye Kaset a Faifai

Duk wanda ya taɓa kallon Alhaji Musa Ɗanƙwairo a akwatin talabijin, 'yan amshinsa kewaye da shi kowa rataye da kotso, to ya ci albarkacin mutum biyu da ba a cika ambato ba: wanda ya riƙe kamara, da wanda ya juye kaset ɗin a faifai kafin ƙura da laima su cinye shi. Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura ne, Maradun ta riƙe shi har sunanta ya bi shi, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru kuwa ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, da daɗewa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Yaran yau ba su riski ko ɗayansu ba. Abin da aka naɗa kaɗai suka tarar.

Shi ya sa masu kamara da masu shagon kwafi na Mafara da Bakura da Maradun suka cancanci gaisuwa. Ba wanda ya ware muku kasafi. Da janaretanku da na'urar gwanjo kuka adana hawan salla, naɗin sarauta, saukar Alƙur'ani, tafsirin azumi, har da damben kaka. Marayu nawa ne suka san tafiyar mahaifinsu da irin dariyarsa ta dalilin faifan ɗaurin auren da kuka buga? Sannunku da aiki.

Ita na'urar DVD mai naɗa, wadda kamfanin Pioneer ya fara fitarwa a Japan a 1999, ta zo da alheri. Kaset na VHS, duk kwafin da aka yi daga kwafi sai hoto ya ƙara dishi-dishi. Faifan VCD kuma ɗigon hotonsa 352 ne sau 288, alhali na DVD 720 ne sau 576, kuma in an kwafe faifai zuwa faifai yadda yake, babu abin da ke raguwa.

Sai dai akwai gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, ba ya ƙaruwa. Na'urar tana ba da zaɓi: XP kusan awa ɗaya, SP awa biyu, LP awa huɗu, EP awa shida ko fiye. In ka zaɓi awa shida, ba wani fili aka ƙara maka ba, hoton ake matsewa, ana zubar da wani abu daga cikinsa. Dabarar matsewar kuwa ta dogara ne da kamannin hoton yanzu da wanda ya gabace shi. Malam yana zaune yana tafsiri, bango bai motsa ba, littafi bai motsa ba, ko a LP zai fito shar. Amma a kai wannan LP ɗin ƙofar fada ranar hawa, dawaki sun sako a guje, ƙura ta tashi, alkyabba na kaɗawa, komai na sauyawa lokaci guda: nan take hoto zai farfashe ya koma 'yan murabba'ai, fuskar mahayi ta narke, ba ka bambance ɗan sarki da dogari. Kuma abin da aka zubar a lokacin naɗa ya tafi ke nan, babu talabijin mai tsada da zai dawo da shi. Na san mai biki ne ke cewa a haɗa masa kamu da walima da kai amarya a faifai guda don kada kuɗi su yi yawa. Ku gaya masa araha ba ta ado, ku raba masa a faifai biyu ko uku kan SP.

Sai rufe faifai. Wanda aka naɗa ba a rufe ba, yakan yi aiki a na'urar shago, a kai shi gida ya ƙi buɗewa, a yi ta zagin na'urar gida alhali ba ta da laifi. Kada a fara rufewa da wutar NEFA da ba a san lokacin tafiyarta ba.

Faifan da ake bugawa a shago kuma ba irin na kamfani ba ne. Wani siririn rini ke riƙe da bayanan, zafi da hasken rana suna ɓata shi, ga shi kowa ya san ranar Mafara a watan Afrilu. Faifan da aka bari a gaban mota ko bakin taga, ba da daɗewa ba zai fara maƙalewa.

Abin da ya fi damuna shi ne sabuwar al'adar tura bidiyo a waya a jefar da asali. WhatsApp yana ƙara matse abin da aka riga aka matse. Kuma wanda ya zauna a Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya, ya san intanet ba rumbun dogaro ba ne. Ku riƙe kaset na asali, ku kwafe faifan a kwamfuta, ku ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban, ku rubuta gari da shekara da sunan taron. Faifan da aka rubuta wa "biki" kawai, bayan shekara ashirin wa zai san bikin wa?

Nauyin ba naku ne ku kaɗai ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, ga fadar Sarkin Mafara, da ta Sarkin Burmin Bakura, da ta Sarkin Kayan Maradun. Ɗaki guda da kwamfuta da ma'aikaci mai amana sun isa a fara tattara abin da ke cikin kwalayenku, a biya ku haƙƙinku. A kuma ɗauke ku aiki ku zagaya da kamara wurin dattawan da suka ga ginin madatsar Bakolori da rikicin manoma na 1980, tun suna da ƙarfin ba da labari.