Kafin ku kai Hajiya wankan ruwan ɗumi



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kemis ɗinmu a Jimeta sayen maganin mahaifiyarta, amlodipine da insulin, kamar yadda ta saba duk wata. Ina cikin lissafi sai ta miƙo mini waya ta ce in kalla. Bidiyon tallar wani katafaren otal ne a wani ƙauyen Japan, tsakanin duwatsu, tururi na tashi daga tafki. Ƙaninta da ke karatu a can ne ya turo, ya rubuta a ƙasa cewa ga maganin ciwon gwiwar Hajiya. Tambayarta ita ce, tunda Japan ba nan kusa ba ce, ina za su kai tsohuwa a hutun ƙarshen shekara, kuma wane irin masauki za su kama? Na ce ta zauna tukuna, domin ledar maganin da ke hannunta ita ya kamata ta zaɓa musu masaukin, ba bidiyon ba.

Japanawa suna kiran irin wannan ruwa onsen, kuma tun 1948 suke da doka a kansa: ruwan da ya ɓulɓulo daga ƙasa da zafin digiri 25 zuwa sama, ko yake ɗauke da wasu sinadarai, shi ake kira da sunan. Amma wanda ake wanka a ciki yawanci yana tsakanin digiri 40 zuwa 42, ya fi zafin jikin mutum, wanda yake 37. Shi ya sa hukumominsu ke gargaɗin kada ruwan wanka ya wuce digiri 41, kada kuma a wuce minti goma a ciki, saboda tsofaffin da ke suma a baho lokacin sanyi. In Allah ya kai ku can, ku sani babu kaya ake shiga, maza daban mata daban. Wanda ke son sutura sai ya nemi otal mai ɗakin wankan da iyali ke kamawa su kaɗai, ya kuma sanar da su tun wajen kama ɗaki cewa ba ya cin naman alade da abincin da aka dafa da giya.

Mu dawo gida. A nan Adamawa muna da Ruwan Zafi a Ƙaramar Hukumar Lamurde, bayan Numan. Daga Jimeta tafiyar yini ce, a je a dawo, bayan an tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki a makon. Wanda kuma yake da masauki a gefensa shi ne Wikki, cikin dajin Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Daga Yola ana bi ta Numan, Kaltungo, Gombe, a kama hanyar Bauchi har Dindima, a karya zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji. Ku riƙe wannan adadi, zan dawo kansa.

Ruwan Wikki yana zaune a digiri 31 dare da rana, rani da damina. A watan Afrilu, ga mutumin Yola da ya saba da zafin da ke haura 40, wannan kusan ruwan sanyi ne. Da safiyar hunturu ake jin ɗuminsa. Ni a wurina wannan ba nakasu ba ne, shi ne ma ya sa na fi natsuwa da shi ga mai hawan jini.

Ga dalili. Ruwa mai zafi sosai yana buɗe hanyoyin jini na fata, jini ya taru a ƙafafu, awon jini ya sauka. Amlodipine da nifedipine aikinsu ke nan su ma, buɗe hanyoyin jini. Lisinopril na sauke jinin ta wata hanyar, masu sa fitsari irin su Moduretic kuma suna rage ruwan jiki, ga gumi yana ƙara ragewa. Idan duk suka haɗu, mutum yana zaune a ruwa lafiya lau, da ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi. Faɗuwa a ɗaki daban, faɗuwa a cikin ruwa ko kan dutse mai santsi daban. Kada wani ya karanta wannan ya ce to bari Hajiya ta ajiye maganinta na kwana uku. A'a. Ta sha maganinta a kan lokaci, ta sha ruwa kafin ta shiga, kada ta daɗe, in za ta fita ta fara zama a bakin ruwan na ɗan lokaci, kuma da wani a kusa da ita.

Mai ciwon suga matsalarsa biyu ce. Zafi yana sa insulin ya shiga jini da sauri, don haka ba a yin allura a faɗa ruwan zafi nan take. Suga na iya faɗuwa, a ga mutum yana karkarwa da gumi a ɗauka daɗin ruwa ne. Dabino ko alawa su kasance a bakin ruwa, ba a ɗaki ba. Ta biyu, wanda ya daɗe da ciwon sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai. Zai tsoma ta a ruwan da ke ƙona fata bai sani ba, sai an ga ƙuna, kuma mun san yadda gyambon mai suga yake da wuyar warkewa. A wuri irin Lamurde, inda sunan ruwan ya riga ya faɗi halinsa, mai lafiya ne zai fara gwadawa da gwiwar hannu. Mai ciwo a ƙafa kuwa kada ya shiga ko wane ruwa.

Mai juna biyu, musamman a watanni ukun farko, ta guji ruwan da ya fi jikinta zafi. Mai farfaɗiya ba ya shiga ruwa shi kaɗai ko da yana kan magani. Wanda ya sha Piriton ko maganin tari mai sa barci ya bari sai ya wartsake. Mu da muka taso muna ganin wankan jego mun ɗauki ruwan zafi abin wasa, alhali tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan zafin da kunun kanwa.

Ciwon gwiwar fa? Ɗumi yana sassauta jijiyoyi, ruwa yana ɗauke nauyin jiki daga kan gaɓa, mutum zai ji sauƙi na gaske na ɗan lokaci. Amma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa don an yi wanka. Haka ƙazuwa da makero, magani suke so, kuma shiga ruwan jama'a da su zalunci ne ga 'ya'yan wasu.

Yanzu masauki. Hoton ɗaki a Facebook ba zai gaya muku abin da kuke bukata ba, ku kira waya ku yi tambaya. Awa nawa ake ba da wuta, kuma akwai firji a ɗakin? Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yana jure kusan mako huɗu in zafi bai wuce 30 ba. Wani abokin cinikinmu ya taɓa kwana a wani masauki da aka kashe janareta da tsakar dare, da rana kuma ya bar allurar a mota. Ya dawo yana cewa maganin da muka sayar masa jabu ne. Ku tafi da 'yar kula, ku naɗe kwalbar a tsumma kada ta taɓa ƙanƙara, domin insulin da ya daskare shi ma ya lalace.

Ku tambayi nisan ɗakin da bakin ruwa. A Wikki ana sauka ta matakala masu yawa, kuma wanda ya sauka sai ya hau. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi sau ɗaya a rana ya ishe ta. Wurin a buɗe yake, maza da mata, zurfinsa a wani ɓangaren ya kusa mita biyu, don haka iyali su sauka da sassafe kafin cunkoso, mata da suturar da ba ta jan ruwa, yara kuma hannu da hannu. Ku tambayi gidan sauro ko ku tafi da naku. Dajin yana da ƙudan tsando, wanda baƙin kaya da shuɗi ke jawowa. Gwaggon biri kuma ya san leda, ba ruwansa ko biredi ne a ciki ko maganin hawan jini, don haka a rufe ƙofa da taga.

Sai kilomita 40 ɗin nan. In wani abu ya taso da dare, sai an fita dajin kafin a fara maganar Alkaleri, balle asibitin koyarwa na Bauchi ko na Gombe. Wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, ko wanda jininsa bai daidaita ba, ya ga likitansa kafin a biya kuɗin ɗaki. Mota ta kwana da mai, direba ya kwana kusa. A jaka a sa maganin da ya zarce kwanakin tafiya, na'urar awon jini da ta suga, gishirin ORS, da takarda mai sunayen magungunan Hajiya da adadin da take sha. Kowa ya riƙe tocila da takalmi rufaffe don dare. Ba banza aka gina asibitin saran maciji a Kaltungo ba.

Baiwar Allah ta dawo shekaranjiya. Ta kai Hajiya asibiti an auna ta, likita ya amince da kwana biyu. Ta sayi ƙarin takardun awon suga, ta kuma tambaye ni ko kular da take kai wa yara abinci makaranta za ta yi. Na ce za ta yi, in an wanke ta.