Masu Feshin Gidaje da Batun Ƙudan Zuma a Karkarar Arewacin Kano

A kowace shekara, da zarar kaka ta yi aka fara shigo da gero da dawa da wake gida, sai ƙorafin ɓeraye da ƙwari da macizai ya ƙaru a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A wannan yanki gona tana farawa ne daga bayan danga, babu wani daji da ya rage tsakanin ƙauye da ƙauye, saboda haka duk wata halitta da aka kwashe wa abinci a gona, gida take nufa. A daidai lokacin ne kuma samari masu goye da injin feshi suke zagayawa unguwa-unguwa suna neman aiki.

Ba mu ga laifin neman halak ba. Abin da ke damun mu shi ne abin da ke cikin tankin. Mafi yawan masu wannan sana'a a gona suka koyi feshi, kuma maganin gonar suke shigowa da shi ɗakin kwana, ko dai kai tsaye ko kuma a haɗin da aka fi sani da fiya-fiya. Sinadarin da ke cikin irin wannan haɗi, wato dikulobos, guba ne mai taɓa jijiyoyi, ta numfashi yake shiga da kuma ta fata. Wanda ya shaƙe shi da yawa sai yawu da hawaye su dinga zuba, ya yi amai, numfashi ya yi masa wuya, kuma ƙananan yara ne suka fi saurin jigata. Manja ko madara ba sa karya shi. Asibiti ake kai mutum tare da kwalbar abin da aka fesa. Idan za a iya tunawa, a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana kerawa da shigo da ƙananan kwalaben wannan magani masu mililita 100, ta kuma hana tallarsa a kasuwanni da kantuna. Tun kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a jikinsa. Ga jihar da take da kasuwar hatsi irin ta Dawanau, wannan ba ƙaramin tabo ba ne.

Har ila yau akwai ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhunan hatsi, wadda take fitar da iskar guba da zarar ta haɗu da danshi. An yi ta ne domin rumbun da aka toshe, nesa da makwancin mutane, amma sau da yawa buhun yana ɗaki ɗaya da masu gida. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba.

Inda rashin sanin ya fi fitowa fili shi ne batun ƙudan zuma. Kakanninmu sun zauna da zuma shekaru aru-aru, suna ɗora amya a kan ɗorawa da tsamiya da kuka, kuma kusan kowane gari yana da wanda ya san yadda ake yi mata hayaƙi. Da aka sare manyan itatuwa masu kogo, sai zuma ta koma neman silin na makarantu da masallatai da gidajen kwano. Yau idan ta sauka, abin da ake fara yi shi ne a kira mai feshi, ko a ɗaura tsumma a sanda a cinna wuta, wanda a lokacin hunturu da gidaje ke cike da kara da harawa, neman gobara ne kawai.

Ya kamata jama'a su bambanta abu biyu. Tarin zuma da ya dunƙule a reshen bishiya baƙo ne mai wucewa, yana jiran 'yan leƙen da ya tura su samo masa mazauni, kuma galibi cikin kwana ɗaya zuwa uku yake tashi idan ba a tsokane shi ba. Abin da ake buƙata kawai a janye yara, a kuma kwance dabbobin da ke ɗaure kusa, domin akuya ko jakin da ke turke ba shi da hanyar gudu idan zuma ta tashi. Wadda ta riga ta yi saƙa a silin kuwa, aikin mai kiwon zuma ne: da yamma yake zuwa, ya yi hayaƙi, ya kwashe saƙar tare da sarauniyar ya mayar amya, sannan a toshe ƙofar da suka bi. Idan aka fesa guba, saƙar tana nan a ciki, zumar ta gurɓace, kuma da wuya a hana yara lasar ta. Ƙamshin kakin kuma sai ya janyo wani tarin bayan 'yan watanni, a sake biyan mai feshi. Manomin rani da ya sa aka kashe zumar unguwarsu, shi ne zai yi mamakin yadda kankana da kabewarsa suka yi fure ba su ɗaura 'ya'ya ba, domin waɗannan amfanin gona sun dogara ne ga ƙwarin da ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan.

Batun ɓera ya fi ƙarfin ɓarnar hatsi. Shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda ya ɓulla a Kano a watan Janairun 2020 har ya yi sanadin rasuwar likitoci. Inda ɓera ya yi yawa kuma, nan kububuwa da kumurci suke biyo shi. Abin takaici, mujiyar da ke farautar ɓeraye dare da dare ita muke jifa saboda camfi. Wanda maciji ya sara, maganin dafi na asibiti ne ke cetonsa, ɗaure ƙafa da tsaga wurin ɓata lokaci ne.

To, wa ya kamata a kira? Dokar tarayya ta 2002 ta kafa hukumar da ke yi wa jami'an tsaftar muhalli rajista, kuma feshin gidaje yana cikin ayyukan da take sa wa ido. A matakin ƙaramar hukuma, duba-gari ne wakilin wannan aiki, kuma shi ya cancanci a fara tuntuɓa. Maigida yana da haƙƙin ya ga kwalbar magani da tambarinta da lambar NAFDAC kafin a zuba a tanki, ya kuma ji awa nawa za a yi kafin iyali su koma ɗaki. Mai feshin da ya zo ba takunkumi ba safar hannu, da magani a gorar ruwa, ya riga ya nuna iyakar saninsa. A ganinmu, zai yi kyau dagatai da masu unguwanni su san sunayen masu kiwon zuma na yankunansu tun kafin buƙata ta taso, su kuma miƙa su ga shugabannin makarantun firamare, waɗanda silin ɗinsu ne zuma ta fi yawan sauka a ciki lokacin hutu.